Ruwa Ya Kai wa Anaruwa Wuya

Shekarar da Tafkin Gamji ya ƙafe, Dajin Marke ya shiga uku. Damina ta leƙo ta koma. Ƙasan tafkin ya tsattsage, kifaye suka bushe a cikin taɓo, kada ya kwashi iyalinsa ya yi ƙaura ba sallama. Manyan dawa ba su ji a jikinsu ba, domin akwai wata 'yar ƙorama a bayan fada da aka kewaye da ƙaya. Jakuna ne suka ɗanɗana kuɗarsu. Su suka fi kowa yawa a dajin, su ke noma, su ke dako, kuma su ne yanzu ke yini suna tafiya don su lashi laka a wani kududdufi mai nisa.

Ministan Ruwa a wannan zamani wani kure ne, wato namijin kura, mai suna Anaruwa. An haife shi ana tsuga ruwan sama, shi ya sa aka raɗa masa sunan, kuma saboda sunan ne Sarki Jatau, zakin da ke mulkin dajin, ya ga ba wanda ya cancanci muƙamin kamarsa. Ban da wannan, ba a san wata alaƙa tsakaninsa da ruwa ba. Wanka ma sai an kai ruwa rana da shi.

Abin da Anaruwa ya iya shi ne magana. In ya buɗe baki, shi kansa daɗin muryarsa yake ji, har ya riƙa lumshe ido. Da yamma in aka tambaye shi me ya faɗa da safe, sai ya yi dariya ya ce ai wannan ta safe ce. An taɓa tara hatsi daga wurin jakuna don a ba giwaye su yashe tafkin. Giwaye ba su ga ko tsaba ba. Anaruwa dai ya yi sabon tumbi, wuyansa ya ninku.

Da wahala ta yi wahala, jakuna suka taru suka nufi fada. Ba ihu, ba zagi. Tsayawa kawai suka yi a filin taro, kunnuwa a langaɓe. Wannan shirun ya dami Sarki Jatau fiye da ihu, sai ya ce a fita a yi musu jawabi.

A tsakiyar filin akwai wani falalen dutse da ake kira Falalen Alkawari. Tun zamanin kakanni aka san cewa duk abin da mutum ya faɗa a kansa sai ya kama shi. Saboda haka sarakunan baya, da yake masu hangen nesa ne, suka kafa dandamalin katako a gefensa, a nan suke jawabinsu lafiya lau. To amma a ranar, da fadawa suka je share dandamalin, suna taɓa shi ya zube. Gara ta cinye shi tas, don surukin Anaruwa ne ya yi aikin gyaransa na ƙarshe.

Sarki ya zauna a inuwar kuka ya ce Ministan Ruwa ya yi magana. Anaruwa ya duba, ya ga in ya tsaya a ƙasa na baya ba za su ga sabuwar alkyabbarsa ba. Ya san labarin falalen, kakarsa ta sha ba shi, amma a ganinsa zancen tsofaffi ne. Ya yi tsalle ya haye falalen.

"Ya ku 'yan'uwana jakuna!" in ji shi. "Ku ne ƙashin bayan wannan daji. Gwamnatin Mai Martaba tana sane da halin da kuke ciki. Ni da nake tsaye a gabanku, ƙishirwarku ƙishirwata ce. Mun yi nisa da shiri. Mun kammala nazari, mun shiga mataki na gaba, wato nazarin abin da muka nazarta."

Fadawa suka tafa. Daga cikin taron wata tsohuwar jaka, Inna Cima, ta ɗaga kai. Bayanta duk tabon mangala ne.

"Yallaɓai," ta ce, "yaushe za mu sha?"

Anaruwa ya ji haushi. Bai saba a katse shi ba, balle a daidai inda jawabi ya fara daɗi.

"Yaushe? Inna, yau! Yanzu! Ruwa zai zo har ya kai mini wuya. Kuma ku shaida, ni Anaruwa ba zan fita daga cikinsa ba sai kowane jaki a dajin nan ya sha ya ƙoshi!"

Bai rufe baki ba dutsen ya yi ƙara. Falalen ya lotsa ya zama kwari, ƙafafunsa suka kafe a tsakiya kamar an dasa su. Ruwa ya ɓulɓulo daga ƙarƙashinsa, garai-garai, mai sanyi. Ya shanye gwiwa, ya shanye tumbi, ya jiƙa alkyabba, bai tsaya ba sai da ya kai masa daidai maƙogwaro. Kafin a ankara, ga tafki a tsakiyar filin taro, ga kan minista yana leƙe a tsakiyarsa.

Jakuna suka zaburo. Amma kakakin fada, wani dila mai suna Mantau, ya riga ya raɗa wa Sarki magana a kunne, Sarki kuwa ya ɗaga hannu. Ɓaunayen da ke gadin fada suka sha gaban taron.

"Jama'a, a yi hankali!" in ji Mantau. "Kun ga aiki da cikawa. Wannan shi ne babban aikin ruwa da Mai Martaba ya daɗe yana shiryawa a asirce. To amma aikin gwamnati ba a taɓa shi sai an ƙaddamar. Kowa ya koma gida, za a sanar da rana."

Aka sare ƙaya aka kewaye tafkin. Aka kuma kafa doka cewa duk wani mai muƙami, kada ya kuskura ya yi magana a kan dutse, kowane irin dutse ne.

Da fari Anaruwa ya ɗauki abin a matsayin ɗaukaka. Ya riƙa gyaɗa kai ga masu wucewa. Ashe dai shi ɗin ba ƙaramin mutum ba ne, magana ɗaya ya yi dutse ya tsage. Sai dai kafin rana ta yi sanyi ya fara jin maƙogwaronsa ya bushe. Ya sunkuya ya sha, ya sha, har cikinsa ya ɗaure, ƙishirwar tana nan kamar bai sha ba. A nan ya tuna da wata kalma da ya jefa a tsakiyar jawabi don ado kawai: ƙishirwarku ƙishirwata ce.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Aka sa ranar ƙaddamarwa, aka ɗaga, saboda sarkin dajin maƙwabta da za a gayyata yana fama da ciwon haƙori. Aka sake sawa, aka sake ɗagawa, saboda makaɗa ba su gama shirya waƙa ba. A tsakanin nan matan fada na zuwa wanka da hantsi, a ce gwajin inganci ake yi. Anaruwa kuwa gashinsa ya fara zuba. Matsattsaku suka mayar da cinyoyinsa gida. Wani kwaɗo ya zaɓi tsakar kansa ya zama wurin shan iska, ya kore shi har ya gaji ya bar shi. A bayan shinge jakuna na tsaye suna kallon ruwa, duk wanda harshensa ya ƙara bushewa a cikinsu, Anaruwa sai ya ji a nasa.

Da Sarki ya zo duba aiki da majalisarsa, Anaruwa ya tattara sauran muryarsa.

"Allah ya ja zamaninka, a buɗe musu su sha. In ba su sha ba, ni ba fita."

Sarki Jatau ya shafa gemu ya dube shi da tausayi irin na manya.

"Minista, muna sane da halin da kake ciki. Sadaukarwarka ba za ta tafi a banza ba. Mun kafa kwamiti mai ƙarfi da zai duba yiwuwar duba ƙorafinka."

"Ranka ya daɗe, fatata ce ke saluɓewa!"

"Haƙuri za ka ƙara. Mun yi nisa da shiri."

Anaruwa ya san kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu ma shi ya koya wa Sarki. Bai taɓa sanin haka suke da ɗaci a kunne ba.

Daga ranar ya koma yi wa jakuna ihu ta saman shinge. Ya ce musu babu wata ƙaddamarwa da za a yi. Ya ce Sarki na ajiye bikin ne sai lokacin sabunta mubaya'a ya zo, don a ce shi ya kawo ruwa. Ya ce su karya shingen. Gaskiya yake faɗa, amma jakuna sun daɗe da sanin bakin da take fitowa, sai suka tsaya suna kallonsa. Mantau ya fitar da sanarwa cewa sanyi ya taɓa kan minista, ana roƙon jama'a su sa shi a addu'a.

Inna Cima tana da 'ya mai suna Lantana, mai tsohon ciki. Wata rana da azahar, rana na dukan ƙasa, Lantana ta matso jikin shingen tana shaƙar ƙamshin ruwa. Ta roƙi ɓaunan da ke gadi ya bari ta jiƙa harshe kawai. Ya kau da kai ya ce umarni aka ba shi. Ta durƙusa a nan, ta kwanta, ba ta sake tashi ba.

Inna Cima ba ta yi kuka ba. Ta sunsuni 'yarta, ta daɗe a kanta. Sannan ta taka zuwa shingen, ta juya masa baya, ta sakar masa harbi da ƙafafunta biyu. Jakin da ke kusa da ita ya juya shi ma. Na kusa da shi ya juya. Ɓaunayen suka dubi yawan ƙafafun da ke tashi sama, suka tuna su ma suna da iyali, suka ja gefe. Shingen ya watse kamar tsumma.

Ƙarar ta isa fada. Sarki Jatau ya leƙo ta taga, ya ga ƙura, ya ce a shirya masa tafiya yanzu-yanzu, za shi dajin maƙwabta a duba lafiyarsa. Ya fita ta ƙofar baya. Ba a jima ba sai ga Mantau a bakin tafki yana shelar cewa shi dama can ɗan gwagwarmaya ne, a cikin fadar ma don talakawa yake zaune.

Jakuna suka kafa kai suna sha. Anaruwa ya ji wani sanyi yana sauka a maƙogwaronsa, irin wanda ya manta da shi. Ruwan ya fara ja da baya. Ya sauka daga wuya zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa ciki. Duk jakin da ya ƙoshi ya ɗaga kai, sai ruwan ya ƙara sauka. Da ya kai gwiwa, Anaruwa ya kaɗa kwaɗon daga kansa, ya fara tunani. Gadon sarauta babu kowa a kai. Wa ya kawo ruwa? Wa ya ce a karya shinge? Har ya fara jera jawabin da zai yi a zuciyarsa, yana lumshe ido.

Ruwan ya tsaya a idon sawu. Ya ja ƙafa, ta ƙi fita. Ya waiga ya ga kowa ya ƙoshi, sai jaka ɗaya da ke tsaye a bakin gaɓa, leɓenta a bushe. Tun da aka fara sha Inna Cima ke kallon yadda ruwan ke sauka.

"Inna, bismillah mana," in ji shi da murya mai taushi. "Ke kaɗai kika rage. Ai ke ya kamata ki fara."

"In na sha, Yallaɓai, sai me?"

"Sai in fito, Inna."

"Ruwan fa?"

Anaruwa ya dubi ɗan abin da ya rage a ƙafafunsa, wanda bai kai cikin ƙwarya ba. Ya gyara murya.

"To, wannan muhimmiyar tambaya ce. Da zarar na fito, cikin gaggawa za mu zauna da masu ruwa da tsaki, mu kafa..."

Inna Cima ta juya. Ta taka a hankali zuwa inuwar kukar da Sarki ke zama, ta kwanta, ta ɗora haɓa a ƙasa.

"Inna! Ki ji tsoron Allah! Kurɓa ɗaya ce!"

Ta kau da kai. Rana ta yi ta tafiya, waɗanda suka sha da fari suka fara jin ƙishirwa, ruwan ya soma hawa. Ya wuce gwiwa, ya wuce tumbi, ya koma mazauninsa. Sai washegari, da ta tabbata wani jaki ya karɓe ta, ya kwanta a inuwar da bakinsa a bushe, sannan Inna Cima ta tashi ta sha.

Haka aka ci gaba. Jakunan Dajin Marke ba su yi taro a kai ba, ba su kafa kwamiti ba. Kullum dai akwai ɗaya a cikinsu da ke kwance a gindin kuka yana haƙuri da ƙishirwa, saura na sha, suna ban ruwan gonakinsu. Da safe in sun zo, sukan tsaya su gaida kan da ke leƙe a tsakiyar tafki, da ladabi, kamar yadda aka koya musu.

"Yallaɓai, an tashi lafiya? Yaya aiki?"

Anaruwa yakan buɗe baki, ya dubi dutsen da ke ƙarƙashinsa, ya mayar ya rufe.