Taku Goma, Zabo Guda

Wani malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare nan cikin Sakkwato. Mutumin ga ko ƙofar aji ba ya ganewa sai an nuna mishi. Firinsifal, Malama Balkisu, ta gaji da shi. Ta ce ƙara guda in ta sake zuwa a kansa, ƙauyen da ko sabis babu za ta sa a tura shi.

Ran nan ya kwashi ɗalibai a bas, za su koyi awon fili can bayan Arkilla, inda gidaje ke ta cinye gonaki. Ya sa hular rana, ya rataya tef, aljihu cike da turaku. Suka faɗa wata gonar gero, ya kafa turke.

Sai ga mai gonar a guje.

"Injiniya, mi munka yi? Gwamnati za ta amshe ta?"

Tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa ce mishi injiniya ba. Daɗi ya kashe shi. Ya gyara hula.

"Aiki ne, baba. Daga sama."

Tsoho ya ruga gida, ya dawo da zabo.

"Don Allah a ɗan matsa."

Gogan ya ce wa wata ɗaliba, "Sakinatu, cire turke, ƙirga taku goma." Turke ya faɗa gonar maƙwabci. Maƙwabci ya kawo zabi biyu, aka yi taku ashirin. Na gaba da rijiya a gonarsa, shi rago ya jawo. Kafin la'asar turken nan ya kusa Wamakko, ɗalibai na tsaye cikin bas, zabi na kan kujeru.

A hanya ya ja musu kunne: "Wanda duk ya buɗe baki, ya faɗi jarrabawa."

Suna isa, ga Malama Balkisu bakin get. Rago ya leƙo ta taga.

"Malam, mi na wanga?"

"Samfurin dabbobin yankin ne, ranki ya daɗe. Don nazari."

Ta dube shi, ta dubi rago. Ta juya ga ɗalibai.

"Ke Sakinatu, mi kunka koya yau?"

"Awon fili, Malama."

Gogan ya sauke ajiyar zuciya.

"Madalla. Ƙaƙa aka yin shi?"

"Taku goma, zabo guda. In da rijiya, rago."