Kiɗan da ni kaɗai na ji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa rumfa guda ta 'yan biki kiɗa, babu wanda ya ji ko sauti ɗaya sai ni.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Na yi fito da babur ta daji tsakanin Jibiya da Maraɗi, an sare ni a kunci, na kwana gidan kaso. Daga baya na koma kama shanu a bakin iyaka, ina danne su ana dubawa. Mutane ba sa wasa da ni. In na shigo wuri akan rage murya.

Mai duba shanun Oga Bitrus ne, ma'aikacin gwamnati, mutumin Kafanchan. Wata rana na kai masa saƙo gida na tarar da shi gaban fiyano, wani abin kiɗa na lantarki mai jerin haƙora, ya kifa wani abu a kunne mai waya, yana ta kaɗa kai, ɗaki shiru. Lokacin an fara Shari'a, an daina kiɗa a unguwa, kuma gidan hayarsa bango ɗaya ne da na liman. Ba wanda ya hana shi. Shi ya ga bai dace ba.

Ya ɗora mini abin a kai. Na tsaya ban motsa ba har ya gama.

"Wannan wace waƙa ce?"

"Ba waƙa ba ce, mutumina. Jaz ake ce masa. Yanzu na ƙirƙira, gobe ba zan iya maimaitawa ba."

Shekara biyu ina zuwa koyo bayan la'asar. Ba takarda, don ban iya ba. Ya ce, "Ka san titin Maraɗi, ka san hanyar daji. Hannun hagu ya riƙe titi, na dama ya shiga daji ya yi yawonsa. Amma su haɗu a gaba." Wannan na gane shi da wuri. Yatsuna ne matsala, ɗaya kan danne haƙoran fiyano biyu (yatsun da suka saba da ƙaho). Kullum haka nake farawa: in soka waya a raminta, in kifa abin kunne, in rufe ido. Ban taɓa bugawa a fili ba. Ban kuma taɓa jin daɗin wani abu haka ba, har da nama.

Sai aka yi masa canjin wurin aiki, ga kuma auren 'yarsa Rifkatu kafin ya tafi. Ya ce ni zan yi kiɗan shigowar amarya, shi zai riƙo hannunta.

"Oga, nemi wani."

"Kai nake so. In ji ka a fili sau ɗaya kafin in bar garin nan."

An yi walimar da rana a harabar cocinsu. Abokan aikinsa sun zo, dillalan shanu sun zo cin shinkafa, direbobi ma. An kunna janareta, an kafa manyan lasifika biyu, an sunkuyo da makirfo daidai inda sauti ke fita a jikin fiyano. Amarya da ubanta suka tsaya a bakin ƙofa cikin rana, sai an fara kiɗa za su tako.

Na zauna. Hannuna ya yi abin da ya saba: na soka waya, na kifa abin kunne. Na san a gida in an soka waya, ɗaki kan yi shiru. Amma na ɗauka tunda ga manyan lasifika, su za su ji nasu, ni in ji nawa. Na rufe ido.

Gaskiya ita ce ban taɓa bugawa kamar ranar ba. Hagu ya riƙe titi. Dama ya shiga daji, ya ɓace, ya ɓullo ta inda ban zata ba. Na ce a raina yau Oga zai san bai ɓata shekara biyu ba.

Abin da jama'a suka ji shi ne ƙwas-ƙwas na haƙoran roba, da kuma ni. Ashe in ina bugawa nishi nake yi, irin na sa in an kayar da shi (Oga ya sani tun tuni, bai taɓa faɗa mini ba). Makirfo ya kwashi nishin ya kai har bakin titi.

Ba wanda ya taɓa ni. Tsoro suke ji. Fasto ya dubi dillalai, dillalai suka dubi shinkafa. Amarya tana ta zufa, hoda na gangarowa. An ce na kai minti goma.

Matar Oga ce ta zo ta fizge abin daga kaina.

"Kai bawan Allah! Naƙuda kake yi? 'Yata za ta narke a rana!"

Na buɗe ido. Wani tsohon dillali ya ce, "Wallahi mun ɗauka aljanu ne suka hau ka, muna jira su sauka." Nan aka fashe da dariya. An sare ni ban yi ƙara ba. Ranar na so ƙasa ta tsage.

Aka zare waya, na sake bugawa a fili. Hannu ya sandare, titi kawai na bi, ban leƙa daji ba. Amarya ta shiga, shi ke nan.

Da aka watse Oga ya same ni bayan rumfa, idonsa ja don dariya. Ashe ya bar amarya a ƙofa ya zo zai zare wayar, sai ya tsaya a bayana yana kallon yatsuna.

"Na ga abin da ka buga na farkon," in ji shi. "Shi ya sa na kasa tsayar da kai. Sun haɗu a gaba, mutumina."

Ya bar mini fiyanon da zai tafi.

Abin da na koya kaɗan ne. Kafin ka rufe ido, dubi waya. In kuma kowa na tsoronka, ba mai gaya maka kana nishi.

Yanzu ina Magama, nan bakin iyaka, ina sayar da dusa. Haƙora uku sun mutu a fiyanon, ina tsallake su. Bayan la'asar nakan tura ƙofa in buga, ba waya. In na bi ta kara, kasuwar shanu, dillalai kan yi mini nishi. Sai da suka bari na tsufa suka fara.