Ranar da Injiniya Sai-Ni Ya Cire Iyaka

Duk faɗin kamfanin babu mai ilimi kamar shugaban sashen kwamfuta, kuma da bakinsa ya sanar da kowa. Firinta ta ƙi aiki, sai shi. Wuta ta ɗauke, ko da kanta ta dawo, sai shi. Shi ya sa ake kiransa Injiniya Sai-Ni. Kullum yakan shiga ɗakin na'urori ya kulle ƙofa, ya sha sanyi ya ƙoshi, ya fito yana share gumin da babu.

A ɗakin nan akwai wata kwamfuta da ake kira firoksi. Ita ce mai gadin ƙofa: duk wanda zai shiga intanet a kamfanin sai ya bi ta kanta. Da ma'aikata suka ƙaru, sai ta fara jan ƙafa.

Mataimakiyarsa, wata mai shiru-shiru da ta shekara goma tana gyara abin da ya gyara, ta duba ta ce, "Yallaɓai, memorin, wato wurin riƙe aiki, da aka ƙayyade wa manhajar da ke cikinta ne ya yi mata kaɗan. Mu ɗan ƙara mata, amma mu bar wa ita kwamfutar abin numfashi."

Sai-Ni ya yi dariyar manya. "Mu ɗan ƙara? Ƙanwata, ni ba na aikin ɗan-ɗan. Wanda ya sa iyakar nan matsoraci ne. Zan cire ta baki ɗaya, ta ci iya cikinta!"

Bai tashi cirewa ba sai safiyar da kamfani zai tura takardun neman wata babbar kwangila, wadda za a rufe karɓa ƙarfe sha biyu. Da fari intanet ya yi ta gudu kamar walƙiya. Injiniya ya bi ofis-ofis yana karɓar godiya, har daga waɗanda ba su yi niyyar bayarwa ba.

Sha ɗaya da rabi, manhaja ta lamushe memori kaf. Kwamfuta ta ji an shaƙe ta, ta kashe manhajar don ta tsira. Injiniya ya kunna, ta ci, ta mutu. Ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Manaja ya faɗo ɗakin, idanu jajur.

"Ranka ya daɗe, hari ne," in ji Sai-Ni, yana gyara wuyan riga. "Gaggan 'yan kutse ne daga ƙetare. Ba don ni ba, da tuni sun kwashe kamfanin."

Mataimakiya ta nufi kwamfutar. Ta ja kujera, ta mayar da iyaka, ta ɗaga ta daidai misali. Saura minti biyar takardu suka tafi.

Manaja ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Malama, nuna mini inda suka taɓa."

Ta juyo masa da allon. A saman layin da aka cire iyakar, ɗan kutsen ya bar rubutu da manyan baƙaƙe: cikakken sunansa, digirinsa uku, lambar wayarsa, kwanan watan ranar, sannan, "Kada kowa ya taɓa aikina."

Manaja ya karanta a bayyane, a hankali. Ya dubi Injiniya ya ce, "Ikon Allah! Har lambar wayarku ɗaya da shi."