Littafin Malam Mai Bangon Siminti

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na miƙe gaban mutane a ɗakin karatu na Gure ba. Kwana tara ke nan da fitata takaba.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, ba ya fashin zuwa can. Duk littafin da ya aro sai ya yi masa bango da takardar buhun siminti, ya rubuta nasa sunan a kai da alƙalamin bik. Na ƙarshen da ya aro yana ɗakina har ya rasu. Ban buɗe shi ba. Na kan share masa ƙura, in dubi rubutun hannun, in mayar.

Da na kai shi, Mushe Ari mai kula da wurin ya yi mini gaisuwa, ya miƙo hannu. Ni kuma na ƙi saki. Muka tsaya haka, shi da gefe, ni da gefe.

"Inna," ya ce, "muna da tsari. Wanda ya gabatar da littafi a taron Asabar, ya faɗa wa jama'a amfaninsa, yana iya riƙe shi wata guda."

"Zan gabatar," na ce.

"Kin karanta shi?"

"Sau biyu."

(Ni da na bar lakwal, makarantar boko, a aji shida. Ban san inda sau biyun ya fito ba, ɗaya ma ai ya isa ƙarya.)

Ina da hujjata. Na sha ganin Malam, maigidan nawa, zaune a inuwa da littafin nan, yana girgiza kai, yana cewa, "Allah Ya kyauta." Wani lokaci ya rufe shi, ya zuba wa bayan gida ido. Littafin da ke sa dattijo haka, na ce a raina, ba zai wuce na halin duniya ba.

Ran Asabar an shimfiɗa tabarmi, an jera benci. Akwai malaman lakwal, da mata masu koyon karatu, da wani dattijo makiyayi daga Gamu da ya shigo gari sayayya. Na tashi, na rungume littafin. Na ce yana koyar da haƙuri. Na ce yana nuna wa mutum daga ina ya fito, ina za shi. Na ce duk mai nauyi a zuciya ya neme shi, ni ma ya yi mini magani. Mata suna ta "Allah sarki." Wata har da share ido.

Sai Mushe Ari ya ce, "Inna, kawo in rubuta sunansa a allo."

Ya ɗaga bangon simintin. Ya daɗe yana kallo. Mutumin kirki ne, ya so ya rufe, amma na bencin gaba sun riga sun gani. Hoton rago ne, an zana kibiya tana nuna gindin wutsiya. Ya karanta sunan da Faransanci a hankali, wani malami ya fassara da ƙarfi ba wanda ya roƙe shi: cututtukan tumaki da awaki.

Ba wanda ya yi dariya, saboda ina cikin rashi. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi.

A nan na tuna ragonmu da ya yi ta zawo kafin Layya. A bayan gida yake ɗaure.

Dattijon Gamu ne ya yi magana. "Baiwar Allah, tunda ya yi miki magani, ni ma ki taimake ni. Tumakina huɗu ke kwance. Ɗana zai karanta mini."

Da gaske yake. Na dubi littafin, na dubi Mushe Ari. Wata gudan da na nema ya tafi, na sani. Na ce a ba shi.

Kafin ya miƙa, Mushe Ari ya warware bangon a hankali, bai yaga ko kusurwa ba. Ya ninke shi, rubutun na ciki, ya ba ni.

"Wannan ba na ɗakin karatu ba ne," ya ce.

Yana cikin akwatina yanzu. Har yau ina zuwa taron Asabar, ina zama a baya. Na kan ari littafi kuma, na Hausa, mai manyan baƙaƙe. Kafin in ce wani ya taɓa mini zuciya, sai na buɗe na ga ko akwai rago.