Rawar Doya a Woolwich

Ba zan taɓa mantawa da bikin godiyar kaka na farko da na yi a Landan ba, ko da yake na sha roƙon Ubangiji ya mantar da ni.

Wata uku ke nan da turo ni daga Zariya in riƙe wata ƙaramar majami'ar Angilikan a Woolwich. Iyalina suna gida, takardunsu ba su fito ba. Masu sujadar tsofaffin Turawa ne, mutanen kirki, amma da an ce amin sai su miƙo mini hannu, kowa ya nufi bas. Ni kuwa in koma ɗan gidan da nake zaune in yi ta rubuta wa'azi da ajamin da kakana ya koya mini, ina karantawa a fili don in ji Hausa a ɗakin.

Sai na ƙwallafa rai a kan ranar godiya. A gida fasto ne yake shiga gaba da rawa, 'yan zumuntar mata na biye da masara da kaji har gaban bagadi. Na ce a raina, in muka taka tare sau ɗaya, na zama nasu. Na sanar kowa ya zo da abin godiyarsa (ban tambayi yadda suke yi ba, shekara ashirin ina aikin nan, wa zai koya mini?). Na shiga kasuwa na sayi doya mai tsawon hannuna.

Ranar na tsaya daga baya, na saɓa doyar a kafaɗa, na ce, "Ku biyo ni!" Na ɗauko waƙa, na lumshe ido, na fara takawa. Ina jin takun jama'a a bayana, har ƙwalla ta zo mini. Da na isa bagadi na juya. Ba kowa. Sautin takalmina ne ginin yake maido mini. Suna zaune shiru, kowa riƙe da littafin waƙa. Ashe tun shigowarsu sun zuba gwangwanayen wake a kwali a bakin ƙofa, don mabukata.

Wata tsohuwa ta ce a hankali, "Rabaran, a taimaka maka ka sauke itacen?"

Da na kira matata, ta yi dariya har da tari. "Baban Ladi, da furfurarka? Har gaba?"

"Har gaba."

"To, doyar fa?"

"Ga ta nan. Sati biyu zan yi ina ci."

"Kai kaɗai," in ji ta, babu dariya yanzu.

Har yau ina jan jama'a, amma a taku na uku nakan waiwaya.