Rasuwar Malam Jinkiri, Mai Kunna Fitilun Ƙofar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar waya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar Malam Jinkiri, ɗan akwatin kwamfutar nan da ya shekara shida yana sa fitilun ƙofar gidanmu rawa da kiɗa a duk hutun ƙarshen shekara. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburin cin abinci, a hannun likitansa, wanda shi ne mai wannan sanarwa.

Marigayin bai fi tafin hannu ba. Ni na haɗa shi, bayan wata huɗu ina kallon bidiyon koyarwa ina gyaɗa kai kamar na gane. Ya yi rayuwarsa kaf a cikin robar ajiye abinci ta mai ɗakina, wadda na ara na kwana biyu. Bai taɓa ƙorafi ba. Ita ce dai take yi.

An shaide shi da haƙuri. Ruwa ya dake shi, ƙadangare ya tare a kansa, bai fasa aiki ba. Rana na faɗuwa sai ka ji ƙas, ƙas-ƙas, fitilun taga su ɗauka, na bishiya su amsa, na katanga su bi layi. Telan ƙarshen layinmu ma yakan tsayar da kekensa ya leƙo.

Aibinsa ɗaya ne, shi ya jawo masa sunan. A waƙa ta uku, tsohuwar waƙar da marigayi Baba yake rerawa in yana aske gemu, dab da amshi sai Malam ya tsaya cak. Fitilu su ɗauke, kiɗa ya wuce ya bar shi, sannan ya yi zzz ya biyo baya a guje. Shekara shida ina jin kunyar wannan daƙiƙa guda. Maƙwabcina mai gyaran wuta kuwa, agogonsa kawai yake dubawa a daidai wurin.

Bana na rantse sai na warkar da shi. Na buɗe shi, na sa tabarau, na jona jar waya inda baƙa take. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce fus.

Ya rasu ya bar ƙwayayen fitila fiye da dubu biyu, da lasifika biyu, da ƙullin wayoyin da shi kaɗai ya san kansu. Ya kuma bar Inna, mahaifiyata, wadda kunnenta ya yi nauyi tun kafin a haife shi. Da ido take jin waƙa. Takan zauna a kujerarta bakin ƙofa, tana buga yatsa a gwiwa, tana bin fitilun.

Mai gyaran wuta ya kawo mini sabon akwati, wanda ba ya makara ko da ƙiftawar ido. Jiya muka gwada. Inna ta bi waƙa ta farko, ta bi ta biyu. A ta uku, da aka zo amshi fitilu suka zarce, yatsanta ya tsaya a sama. Ta sa aka mayar da kujerarta ciki.

Mai ɗakina ce ta bi ta, ta dawo ta fayyace mini. Ashe a daidai wurin nan Baba yake tsayawa ya ja numfashi, ya ɗauraye reza, kafin ya shiga amshi. Inna ta ɗauka da gangan na sa. Shekara shida tana gaya wa ƙawayenta ɗanta bai manta komai ba. Ban gyara mata zancen ba, kuma ina roƙon masu ta'aziyya kada su gyara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da yamma, a aljihun tebur na ƙasa, kusa da rediyo biyu da agogon bango da su ma ni na gyara su. Roba za ta koma ga mai ita, da huji huɗu. Ana karɓar gaisuwa, ba a karɓar shawara.

Zaman makoki ba zai yi tsawo ba, domin saura kwana tara hutu, kuma ina fama da koya wa sabon akwatin yadda ake makara. Duk wanda ya taɓa jin Baba yana wannan waƙa, ya taimaka ya zo da wuri, ya riƙe mini agogo.