Ranar da Aka Zo Duba Talatu

Ba zan taɓa mantawa da bikin 'yar Hajiya Rabi ba, ko da kuwa amaryar da kanta ta manta. Ba don abinci ko ashobi ba. Don a wurin ne na sa mata cike da zaure suka ɗaga hannu suna yi wa ɓera addu'a.

Bari in faro daga tushe. 'Yata Hanan a nan London aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba ka amsa. Da ta shiga shekara tara sai ta kafe ita ɓera take so a saya mata. Ba mage ba, ba zomo ba, ɓera. Ni da na tashi a Fagge ina bin ɓeraye da tsintsiya, na ce sai dai bayan raina. Babanta kuwa, wanda bai iya ce mata a'a ba, ya fita wata Asabar ya dawo da keji da ɓeraye biyu farare, wai mai shagon ya ce ɗaya kaɗai kaɗaici zai dame ta. (Ɓera da kaɗaici. Allah ya kawo mu.) Hanan ta sa musu suna Talatu da Laraba, don a ganinta sunayen Hausa sun fi daɗi.

Na kafa doka ɗaya: kada wani Bahaushe a garin nan ya ji. In baƙi za su zo flat ɗinmu na Croydon, keji ya koma ɗakin Hanan a ja ƙofa. Haka muka yi ta yi lafiya lau, har Talatu ta fito da wani kumburi a ƙarƙashin hannunta.

Likitan dabbobi ya ce ƙari ne a mama, kuma jikinta ba zai ɗauki tiyata ba. Ya ba mu maganin ruwa da ɗan sirinji mara allura, ya ce zai rage mata ciwo, wataƙila ya rage wa ƙarin sauri. Ya ƙara da cewa zai iya sa ta kasala, ko zawo, ko ta daina cin abinci, mu sa ido. Ni dai da ya gama lissafin sai na rasa wanne ya fi ban tsoro, ciwon ko maganin.

Ita Talatu ba ta tsaya wannan tunanin ba. Ta ƙi sha, shi ke nan. Mun sa a yogot, ta shinshina ta juya baya. Mun kwaɓa da ayaba, ta cinye gefen da babu magani ta bar mana sauran. Mun naɗe ta a tawul mun ɗura, ta riƙe a baki, muna sakinta ta goge a kafet. Laraba kuwa, mai lafiyar, ita ce kullum ke rububin shanyewa. Hanan ta daina cin abincin kirki, malamarta ta kira ni tana tambaya ko lafiya a gida. Ni ma a office sai in tsinci kaina ina karanta illolin maganin ɓera maimakon aikin ƙaramar hukuma da nake yi. Ban ce ina son dabbar ba, ku fahimce ni. 'Yata ce ke ramewa a gabana.

A cikin wannan hali bikin ya zo. A wani zaure ne kusa da Old Kent Road, da yamma, mata zalla. Hanan ta ce ba za ta bar marar lafiya ba, na bar ta da babanta. Ina zaune an kawo mini waina da miyar taushe, amma idona na kan waya. Na tashi na zauna, na sake tashi. Can sai ga kiran Hanan, tana kuka, wai ta samu ta ɗura mata ɗigo ɗaya, yanzu kuma Talatu ta kwanta ba ta motsi sosai.

Na fita baranda na toshe kunne ɗaya saboda kiɗa, ina ɗaga murya. "Tana numfashi? To ki kwantar da hankalinki, likita ya ce maganin zai iya sa ta kasala. Ƙarin bai fashe ba ko? Kar ki ƙara danne ta, za ta cije ki."

Ina juyowa na ga Hajiya Mairo a bayana da carbinta. Duk wanda ya zauna a London cikin Hausawa ya san irinta. Ita ce ke karɓar haihuwa, ita ce ke zaman makoki, in ta yi maka faɗa ka gode. Tun zuwana ƙasar nan ita ta tsaya mini kamar uwa.

"Maman Hanan, waye ba lafiya?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ɓera ce. Kalma biyu. Amma na dubi fuskarta, na dubi mayafinta, sai na ji bakina ya ce, "Talatu ce, Hajiya."

"Wace Talatu?"

"A wurinmu take zaune."

"Ikon Allah, riƙo kike ba mu sani ba? Me ya same ta?"

"Ƙari ne a mama. Kuma ta ƙi shan magani."

"Shekarunta nawa?"

"Biyu da wani abu."

Hajiya ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! 'Yar shekara biyu? Har ciwon ya kai ta ga cizo?"

(Ina so a rubuta mini cewa ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Na sha gaya wa kaina haka. Bai taɓa taimaka mini ba.)

Kafin in haɗa wata magana ta kama hannuna ta ja ni ciki, ta nufi mai gabatarwa ta karɓe makirufo. Aka kashe kiɗa. Ta ce 'yan'uwa, ga baiwar Allah nan tana ɗauke da jarrabawa ita kaɗai ba ta gaya wa kowa ba, yarinya ƙarama na kwance a gidanta. Aka ɗaga hannu. Aka yi ta amin. Uwar amarya ta rungume ni tana hawaye, kwalliyarta ta zauna a kafaɗata. Ni ma kukan nake, amma nawa na daban ne.

Washegari Lahadi na kasa zama wuri ɗaya. Na ɗauki waya in kira Hajiya, na ajiye. Na wanke kwanukan da na riga na wanke. Baban Hanan da na ba shi labari dariya ya yi har da riƙe bango, sannan ya ce yana da taro a masallacin Whitechapel, ya zame. Na yanke cewa bayan azahar zan kira in faɗi gaskiya. Ina sallame azahar ɗin aka danna ƙararrawa.

Hajiya Mairo ce, da Hajiya Rabi uwar amarya, wadda ko gajiyar biki ba ta sauke ba. Sun hau bas sun hau jirgin tram, ɗauke da farfesun kaza da dabino da filas na kunun gyaɗa. Na shigar da su falo.

"Ina mai jikin?"

"Barci take, Hajiya."

"Ba tashinta za mu yi ba. Tofi kawai zan yi mata."

Na buɗe baki ke nan, sai ga Hanan ta leƙo. Na ce muku tana jin Hausa. Hajiya ta ce, "Zo nan jikata, Talatu muka zo dubawa." Na ga fuskar yarinyar nan ta haska, irin hasken da na yi makonni ban gani ba. Ta juya da gudu. Na kira sunanta, ina! Sai ga ta ta dawo rungume da tawul, ta durƙusa a gaban Hajiya kamar yadda na koya mata, ta buɗe shi a hankali. Da Hausarta mai karkacewa ta ce, "Na gode, Hajiya. Ga ta."

Talatu ta ɗago kai, ta motsa gashin baki.

Hajiya Rabi ban san lokacin da ta hau kan kujera ba, da takalminta, tana a'uzubillahi. Hajiya Mairo ko motsi ba ta yi ba. Ta dubi ɓerar. Ta dube ni. Ta sake duban ɓerar.

"Maman Hanan."

"Na'am, Hajiya."

"Wannan ce na sa aka kashe kiɗan biki dominta?"

"Ita ce, Hajiya."

Na so ƙasa ta buɗe. Amma muna hawa na uku, da ta buɗe ma falon maƙwabta zan faɗa.

Hanan ta gane akwai matsala. Idanunta suka ciko, ta ce da Turanci Talatu ba ta shan magani, mutuwa za ta yi. Hajiya Mairo ta kalli yarinyar. Sannan ta ja numfashi ta ce, "Ita ma halittar Allah ce. Addu'a kuma ta riga ta tafi, ba a kiranta ta dawo. Rabi, sauko, kin ba mu kunya." Ta buɗe filas ta ce in kawo kofuna, tunda mai jikin ba za ta iya shanyewa ba.

Ƙamshin kunun na tashi, Talatu ta miƙo wuya daga cikin tawul tana shinshina iska. Hanan ta dube ni. Ta ɗauko cokali, ta ɗebi kaɗan ta hura ya huce, ta ɗiga maganin a ciki. Muna kallo, mu huɗu, ɓerar nan ta riƙe bakin cokali da hannu biyu ta lashe shi tas.

"Ai ba magani take ƙi ba," in ji Hajiya. "Abincin Turawa ne ya ishe ta."

Ranar Litinin na kira likitan na yi masa bayanin kunun gyaɗa harafi bayan harafi, ya ce in dai kaɗan ne ba laifi. Ta yi kasalar ta 'yan kwanaki, da ɗan zawo, sannan ta ware. Ta ƙara wasu watanni tana hawa kafaɗar Hanan, kafin wata safiya mu same ta ta tafi a cikin barcinta. Hajiya ta bugo waya ta yi gaisuwa. Da Hanan ta nemi magana, ba da ni ba.

Ni kuwa har yau, duk taron da na shiga, suna ko walima, sai wata ta matso da fuskar tausayi ta ce, "Maman Hanan, ya mai jiki?" sannan teburin ya fashe.

Abin da na koya bai da yawa. In ana tambayarka abu a baranda, ka faɗi abin kunyar tun a barandar, gaban mutum ɗaya. In ka tsaya zaɓen kalmomi, makirufo na nan ciki yana jiranka.